Babur ɗin tsere a hanyar ƙauye: abin da na gani da na buɗe cikinsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya, ina roƙon ka sam mini fili a shafin wasiƙu. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun bayan Babbar Sallah, kuma na ga in ban faɗe ta inda iyaye da hukuma za su ji ba, ban sauke nauyin da ke kaina ba.

Ni makaniken babura ne a wani ƙauye da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari. Shekarata 27 ina wannan sana'a a rumfa ɗaya, gindin darbejiya. Na yi koyo a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa, lokacin da ake yayin Suzuki da Yamaha masu hayaƙi. Na ga zuwan Jincheng, na ga zuwan roba-roba, na ga Boxer ya shigo ya mamaye ko'ina, har ya zama shi ne jakin wannan zamani: shi ke kai taki gona, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko tumaki biyu a kwando ranar Alhamis ta kasuwar Maigatari. Injin Boxer ko idona a rufe zan kwance shi in mayar. Na faɗi wannan ne don a san ba maƙiyin babur ne ke magana ba. Da shi na yi aure, da shi nake ciyar da iyali.

Ana jibi Sallah ɗan yayana, wanda ke kasuwancin waya a Abuja, ya iso gida a kan wani shuɗin babur ɗan Kwatano, irin wanda samari ke kira fawa. Tun yana bayan gari muka ji kukansa, wani siririn kuka mai tsini da bai yi kama da na kowane babur da na sani ba. Kafin ya kashe shi a ƙofar gida yara sun yi masa zobe, manya ma sun taso daga majalisa. A jikin tankin an rubuta Yamaha, a gefe kuma R6. Ƙirar 2008 ce. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma ni kaina na daɗe ina kewaya shi ina shafawa. Duk wanda ya san ƙarfe, in ya ga aikin da aka yi da natsuwa zai gane.

Washegari da safe ya turo shi rumfata. Ya ce, "Baffa, tun daga Gujungu yake yi mini zafi, fanka ba ta hutawa, kuma in na ja totur sai ya riƙa shaƙewa." Na ce masa ban taɓa buɗe irinsa ba, amma mu duba tare. Ya nemo littafin babur ɗin a wayarsa, yaron shagona da ya yi sakandare yana karantawa yana fassara mini, ni kuma ina bi da sifana. Mun kusa cinye awa guda wajen cire robobin jiki kawai, don kusoshinsa ƙanana ne kuma kowanne da mazauninsa. Abin da na tarar a ciki, da lambobin da aka karanto mini, su nake so in zayyana, domin samarinmu sun haddace lambobi biyu ne kacal, girman inji da ƙarshen gudu. Sauran lambobin kuwa, waɗanda su ne ke faɗa maka hanyar da aka ƙera abin dominta da irin mutumin da ya kamata ya hau, ba mai waiwayarsu.

Girman injin si-si 599 ne, silinda huɗu a jere. Wato kowace silinda ɗaya ta kai kusan si-si 150, kamar ka jera injin babban Boxer guda huɗu ka haɗa su a ƙarfe ɗaya. A lissafin kasuwa sai ka ce ƙarfinsa ninki huɗu ne. Ba haka ba ne. Babban Boxer mai si-si 150 yana da ƙarfin doki 12 ne, ƙaramin da 'yan acaɓa suka fi hawa ko goma bai kai ba. Wannan kuwa ya haura doki 110. Da na ji haka sai na ajiye sifana na ce a sake karantawa. Ta yaya huɗu sau goma sha biyu zai haura ɗari?

Amsar tana cikin yadda yake numfashi da yadda yake juyawa. Boxer bawul biyu gare shi, ɗaya na shiga, ɗaya na fita, kuma cikin minti goma nake saita su. Wannan kowace silinda bawul huɗu, jimla 16, an yi su da wani ƙarfe marar nauyi da ake kira titaniyam don kada su gaji da tsalle. Fistin ɗinsa faɗi gare shi, milimita 67, amma tafiyar da yake yi sama da ƙasa gajera ce, milimita 42 da rabi. Saboda tafiyar ba nisa, sai ya samu damar yin ta da sauri na fitar hankali. Cikakken ƙarfin injin yana fitowa ne a juyi 14,500 a minti ɗaya, wato sama da juyi 240 kafin ka ƙifta ido ka ce daƙiƙa ta cika. Boxer in ya kai wajen juyi 7,500 ya ba da duk abin da yake da shi. Wannan siririn kukan da muka ji daga bayan gari, kukan juyi ne.

A nan akwai tarko, kuma shi ne abu na farko da nake so samari su ji. A ƙananan juyi wannan babur lafiyayye ne, har ka ce ai ba wani abu ba ne. Yaro zai hau, ya zagaya fili a hankali, ya ji ya iya. Sai allurar mitar juyi ta haura wajen dubu goma sannan ainihin halinsa ya fito, ya fizge ka kamar an ja igiya daga gaba. Boxer yana nuna maka iyakarsa tun daga farko. Wannan yana ɓoye tasa.

Sai maganar mai. Injin yana matse iska da fetur sau 13 kafin fulogi ya kunna, shi ya sa littafin ya ce a ba shi fetur mai daraja, wanda ba ya kamawa da wuta kafin lokaci. Mu kuwa a nan, in ka bar Gumel, man kwalba da galan na 'yan bumburutu muke sha, wani da ruwa a gindinsa, wani da laka. Boxer zai haɗiye, in ya yi tari ka kwance kafireto ka hure ka mayar. Wannan ba shi da kafireto ko ɗaya. Famfo ne a cikin tanki yake tura mai ta wasu ƙananan nozul masu ƙofa kamar bakin allura, kwamfuta ce ke auna musu. Hatta totur ɗin, in ka murɗa, ba kai ne ka buɗe wa inji maƙogwaro ba. Saƙo ka aika wa kwamfuta, ita ta buɗe. Ba shi da kik, in batir ya mutu a daji ka zauna. Tankinsa lita 17 ne, kuma a gwajin da muka yi lita ɗaya ba ta kai shi kilomita ashirin ba, alhali Boxer mai lafiya yana haura hamsin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take nufi a gidan talaka.

Ciwon da ya kawo shi wurina ma na ƙasarmu ne. Bakin da yake shan iska yana can gaba, tsakanin fitilu biyu, an yi shi ne don iskar gudu ta cusa kanta cikin inji. A kan burji kuwa, duk ƙurar da motar gabanka ta tayar, nan take shiga. Da muka ɗaga tanki muka buɗe akwatin iska, matatar ta koma ja kamar an tsoma ta a kunun kanwa ta bushe. Lagireto kuma yana bayan tayar gaba daf da ƙasa, ƙofofinsa sun toshe da laka da ƙwari da ƙaiƙayi. Injin nan, ruwa ne ke sanyaya shi, kuma yana buƙatar iska mai yawa ta ratsa lagireton. In ka sa shi tafiyar hawainiya a cikin kasuwa da zafin ƙasar Gumel, nan da nan mita za ta haura digiri 100, zafin ya riƙa gasa maka cinya. Muka wanke, muka hure, muka canja baƙin mai kusan lita uku, inda Boxer lita ɗaya ta ishe shi. Ya tashi lafiya lau.

Da yamma yaron ya miƙo mini makulli ya ce, "Baffa, ai sai ka ɗana." Na ce sai da asuba, lokacin da hanya ba kowa. Bayan an idar da salla na sa hularsa ta kwano na hau kwalta. Abin da na fara lura da shi, ƙafata da ƙyar take taɓa ƙasa, don tsayin kujerar santimita 85 ne. Hannuwan suna can ƙasa, matakan ƙafa suna can baya, dole ka kifa ciki a kan tanki kamar mai shirin rarrafe, duk nauyinka a wuyan hannu, kuma in kana son ganin nesa sai ka ɗaga wuya. Na tafi a hankali, na ji daɗinsa, sai na ce bari in ɗan ƙara. Malam Edita, ban fita daga giya ta biyu ba, cikin giya shida da yake da su, na duba mita na ga ta haura 110. Bishiyoyin gefen hanya suka haɗe suka zama bango. Gabana ya faɗi. Na saki totur na gangara gefe na tsaya, hannuna yana rawa. Daga baya aka karanta mini cewa giyar farko kaɗai tana haura kilomita 100 a awa, kuma daga tsaye zuwa ɗari ba ya cika daƙiƙa huɗu. Ƙarshen gudunsa ya haura 250.

Lambar gudu a mita ba ta ba mutum tsoro sai an mayar masa da ita taku. Mai gudun kilomita 100 a awa yana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 150 yana cin kusan 42. Mai gudun 200 zai ratsa filin ƙwallo daga raga zuwa raga kafin daƙiƙa biyu su cika. Mutum kuwa, daga lokacin da idonsa ya ga akuya zuwa lokacin da yatsansa ya taɓa birki, daƙiƙa guda ta tafi ko fiye. Sannan birkin kansa ba ya bin lissafin da muke zato. In ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka ci kafin ka tsaya ninki huɗu ne. In ka ninka sau uku, ninki tara. Haka ma ƙarfin bugun in ka daki wani abu. To a faɗa mini, a tsakanin Gumel da Maigatari ina ne za ka samu hanyar da kake da tabbacin ba saniya, ba amalanke, ba yarinya mai tallan gyaɗa da za ta tsallaka, ba rami, ba yashin da iska ta share ta tara a kan kwalta? A littafin dokokin hanya na ƙasar nan, gudun da aka yarda wa babur kilomita 50 ne a awa. Wannan babur bai gama giyar farko ba ya ninka shi.

Tayoyin su ne suka fi ɗaukar mini hankali. Ta baya faɗinta milimita 180, ta gaba 120, ba tiyub a ciki, kuma kusan sumul suke, zanen jikinsu kaɗan ne. Na danna farce a jikin robar na ji ta da laushi. An yi ta ne ta yi zafi ta manne wa kwalta mai tsabta kamar ƙaro, kuma bayanta a gantsare yake don babur ya iya kwantawa a kwana. A kan kwalta mai kyau ba tayar da ta kai ta riƙo. A kan rairayi kuwa ba ta da haƙorin da za ta ciza, sai ta yi ta yawo a sama kamar faranti a kan ruwa. Tsakanin cikinsa da ƙasa santimita 13 ne, ko taƙi ɗaya bai kai ba, kuma bututun salansa ne a wurin. Duk tudun rage gudu da mutanen gari suka yi da ƙasa sai ya goga. Kansa ba ya juyawa sosai, a lungun gidanmu sai da muka yi gaba da baya sau uku kafin ya juya. Nauyinsa da mai ya kusa kilo 190, Boxer kuwa ɗari da 'yan kai. In ya fara karkata a cikin yashi, ƙafar yaro ba za ta tare shi ba. Kujerar baya kuwa ba ta fi tafin hannu biyu ba, ba kariya, ba inda za ka ɗaura ko ƙullin gero.

Sai birki, wanda shi ne ya kawo ni ga rubuta wannan wasiƙa. A gaba faranti biyu ne manya, kowanne milimita 310, mai ne ke matse su. Da yatsa biyu za ka tsayar da shi, in ka matsa da ƙarfi tayar baya ta ɗaga sama. Yaranmu kuwa a kan birkin Boxer suka taso, wanda sau da yawa ya riga ya cinye, sai ka damƙe shi da yatsu huɗu ka taka na baya da dukkan ƙarfinka kafin ya saurare ka. Hannu ya riga ya saba. Ranar da tsoro ya zo, hannu abin da ya saba zai yi, ba zai tsaya tambayar wane babur yake kai ba. Sababbin irin wannan babur, daga ƙirar 2017, an sa musu na'urar ABS mai hana taya ƙamewa in an damƙe birki. Na 2008 ba shi da ita, kuma irinsu tsofaffin ne kuɗin samarinmu ke iya kaiwa.

Duk wannan ba aibu ba ne a jikin babur ɗin. Waɗanda suka ƙera shi sun san abin da suka ƙera: an yi shi ne don gasar tsere ta ajin si-si 600, a filin da aka kewaye, aka share kwaltarsa, aka zuba tsakuwa a gefen kowace kwana don wanda ya faɗi ya gangara ya tsaya, kowa yana tafiya fuska ɗaya, mahayi yana cikin rigar fata tun daga wuya har idon sawu, motar asibiti tana jira. Su kansu masu ƙerawa sun san inda abin ya kai. Da Suzuki ta fito da Hayabusa a 1999, wanda sunansa ke nufin wani irin shaho a harshen Japan, ya haura kilomita 300 a awa, ba a jima ba manyan kamfanonin suka daidaita a tsakaninsu cewa za su riƙa datse gudun baburansu a wajen 300. Shi ma R6 ɗin, bayan 2020 kamfanin ya daina fitar da na hawa titi a Turai, ya bar na filin tsere kawai.

Rana ta uku da Sallah, bayan Azahar, mai babur ya kwanta barci ya bar makulli a aljihun rigar da ya rataye. Ƙanensa, ɗan shekara 17, yaro mai hankali da ladabi wanda tun yana ɗan sha uku yake kai wa babansa abinci gona a kan Boxer, ya zare makullin. Abokansa suna jiransa a bakin kwalta da wayoyi a hannu za su ɗauke shi hoto. Ya je ya dawo sau ɗaya lafiya. A na biyu ya ƙara wuta. Da ya zo karyawa ya shigo burjin gari, inda kullum yashi ke taruwa, sai ga garken awaki sun fito daga bayan shinge, wata ƙaramar yarinya tana biye da su. Ya damƙe birkin gaba da yatsu huɗu.

Ina rumfa na ji kukan injin ya yanke, sai ƙarar roba da ƙarfe suna jan ƙasa. Da na isa na tarar da shi a kwance a gefen kwalbati, ƙafarsa ta dama ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, jamfar Sallarsa ta yage tun daga kafaɗa, fatar hannunsa da ta bayansa ta saɓule, jar ƙasa ta shiga cikin naman. Takalminsa silifa ne, ɗaya yana can tsakiyar hanya. Tsakanin kansa da bakin simintin kwalbatin bai fi taƙi ɗaya ba, na auna da hannuna daga baya. Hular kwano tana rataye a ƙusa a ɗakin yayansa. Yarinyar tana tsaye da sandarta ko kuka ta kasa, Allah ya tsare ta, akuya ɗaya ce ta mutu. Da na ɗaga kansa abin da ya fara ce mini shi ne, "Baffa, kada ka gaya wa Yaya." Na duba sawun tayar a ƙasa: layi ɗaya miƙaƙƙe na tayar gaba da ta ƙame, bai fi taku shida ba, daga nan sai shatar faɗuwa.

A bayan a-kori-kura muka kai shi Gumel, daga can aka tura mu Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ƙashin cinya ya karye, na kafaɗa ma haka, sai da aka sa masa ƙarfe. Yayana ya kai ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu kasuwar Maigatari ya sayar, ga damina ta kawo kai. Bana da saniyar aro ya yi huɗar gonar riɗinsa, bayan kowa ya gama tasa.

Ina da nawa kason a wannan abu, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na gyara babur ɗin, ni na hau na ji abin da na ji har hannuna ya yi rawa. Na dawo na miƙa makulli na ce, "Kai, wannan abu akwai wuta," aka yi dariya, na wuce. Ban zaunar da yaron na ce masa ya ɓoye makulli ba. Ban kira ƙannensa na nuna musu birkin nan da tayar nan ba. Na san abin da ba su sani ba, na yi shiru. Wannan shirun ne nake ƙoƙarin biya da wannan takarda.

Kirana na farko ga Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ne da masu yin doka. A yanzu lasisin babur aji ɗaya ne, wanda ya samu don roba-roba shi ne zai hau mai doki ɗari da shi, in ma ya nemi lasisin ke nan. A Ingila ba haka suke yi ba. Ɗan shekara 17 ba zai wuce si-si 125 ba. In ya kai 19 ya ci jarrabawa, sai a ba shi wanda bai wuce doki 47 ba. Babba irin wannan sai ya kai 24, ko kuma 21 in ya yi shekara biyu a matakin tsakiya ya sake cin wata jarrabawar. Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A ƙasar Gumel da aka san doki, wa ya taɓa ɗora yaro a kan ingarma ranar farko ya sakar masa linzami? Ana fara masa da mai sanyi, ana riƙe masa, sai an ga zamansa a sirdi ya daidaita. A yi wa babur irin wannan mataki, a rubuta girman inji a jikin lasisi. Dokar hular kwano kuma da aka fara tilastawa a farkon 2009, a ƙauyukanmu ta zama labari. A dawo da ita ta hanyar masu unguwanni da limamai da ƙungiyoyin 'yan acaɓa, ba ta hanyar tare hanya a karɓi na goro ba. Kuma a gane cewa hular leburori ta roba da wasu ke kifawa ba ta tare komai.

Na biyu ga masu sayarwa. Wanda ya sayar wa ɗan yayana ya gaya masa gudunsa, ya murɗa masa totur ya ji kuka. Bai gaya masa ba shi da ABS ba, bai tambaye shi abin da ya taɓa hawa ba, bai ce masa tayar nan ba ta shiri da yashi ba. Tayar gaban ma da na duba lambar da ke gefenta, mai nuna mako da shekarar da aka yi ta, ta haura shekara bakwai. Roba in ta tsufa tana ƙeƙashewa ko da zanenta bai cinye ba. Duk mai sayen ɗan Kwatano ya duba wannan lamba guda huɗu kafin ya biya.

Na uku gare mu makanikai da iyaye. Waɗannan babura sun fara shigowa ƙauye, lokacin Sallah da bukukuwa, ana rakiyar ango da su, ana ɗaga tayar gaba a gaban 'yan mata. Duk wanda aka kawo wa irinsa rumfa, kada ya tsaya a gyara, ya yi magana. Uba kuma in ɗansa ya shigo da shi gida, ya tambayi inda makulli zai kwana kamar yadda zai tambayi inda za a ajiye bindigar farauta.

Ban ce a hana ba. Na ga idon yaran nan lokacin da suke kewaye da shi, kuma na san wannan sha'awa, ita ce ta kai ni rumfar maigidana ina ɗan shekara goma sha biyar. Saurayin da ke son babur mai kyan jiki da ɗan kuzari, akwai masu si-si 150 zuwa 200 irin su Pulsar, waɗanda cikinsu ya ɗaga daga ƙasa, kayan gyaransu suna nan a Kano, kuma in ya yi kuskure suna ba shi damar gyarawa. Masu hali da ke son na tseren, gwamnatocin Kano da Jigawa ba za su rasa filin da za a kewaye a shimfiɗa wa kwalta ba, a sa ƙa'ida, a sa mai koyarwa, kowa ya zo da hularsa da rigarsa ya gwada abinsa inda ba awaki.

Babur ɗin yana nan a bayan rumfata na lulluɓe shi da buhu. Lagireto ya fashe, robobin dama sun tarwatse, hannun birki ya karye, kuma har yau ba mu samu kayansa ba. Mai shi ya ce in an gyara sayarwa zai yi ya mayar wa babansa saniya. Yaron an sallamo shi, yana takawa da sanda biyu, likita ya ce sai bayan wata shida a ga yadda ƙashin ya kama. Jiya da yamma ya dogara ya zo ya zauna a bencina, ya daɗe yana kallon buhun, sannan ya ce in ya warke yana so in koya masa aiki. Na ce masa to, ranar da ya ajiye sanda ya zo da sassafe. Makullin yana cikin akwatin sifanuna, na sa masa kwaɗo.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka, ya tsare mana 'ya'yanmu a kan hanya.

Naka,
Makaniken babura,
daga ƙasar Gumel, Jihar Jigawa.